Na'ura na auna suga, wa ke auna damuwa?

A cikin birnin Zazzau babu wanda ke buƙatar likita ya gaya masa cewa ɓacin rai yana taɓa jini. Uwa idan yaro ya ishe ta, cewa take yi kada ya sa mata hawan jini. Maigida idan za a kai masa labari mara daɗi, sai an yi ta kewaye-kewaye, saboda an san jininsa na hawa. Amma da wuya a ji wani ya ce kada a tayar wa Baba suga. A wurin yawancin mutane suga harkar baki ce kawai: shayi mai zaƙi, lemon kwalba, farar shinkafa, tuwon dare. Idan lamba ta hau, to an ci abin da bai kamata ba.

Wannan fahimtar ta bi matasa har cikin wayoyinsu. A gidaje da yawa yau, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Anguwan Juma zuwa Kaura, wanda ke riƙe da na'urar gwajin suga ba shi ne mai ciwon ba. Ɗa ne, ko 'ya, ko jika. Shi ya sayo na'urar a kemis, shi ke huda yatsa, shi ke ɗaukar hoton lambar ya tura wa yayansa da ke Kaduna ko Abuja. Ya zama ma'aikacin lafiyar gidan ba tare da kowa ya horar da shi ba, kuma ya cancanci yabo. Sai dai kayan aikin da ke hannunsa rabin labari suke ba shi. Na'ura ta nuna 240, manhaja ta shafa wa lambar jan launi, amma babu ɗayansu da ya san cewa jiya da daddare an kira waya kan rikicin gado, ko ƙanwar gida ta dawo yaji, ko an koro yara saboda kuɗin makaranta.

Lambar suga da ba a rubuta halin da aka auna ta a ciki ba, lamba ce mai ruɗarwa. Tana sa a zargi mara lafiya da satar abinci, tana sa a ƙara magani da ka, tana kuma haifar da faɗan da zai sake tayar da ita. Matashin da ke riƙe da waya shi ya fi kowa damar gyara wannan.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarai biyu idan mutum ya tsorata ko ya shiga damuwa: adirenalin da kotisol. Adirenalin shi ne na gaggawa. Shi ke sa zuciya ta buga, tafin hannu ya yi gumi, kuma shi ke umartar hanta ta saki sugan da ta ajiye ya shiga jini. Kotisol ya fi shi jinkiri amma ya fi daɗewa. Yana sa hanta ta ƙera sabon suga, yana kuma sa jiki ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka.

Tsarin yana da hikima. Wanda kare ya biyo yana buƙatar mai a jika nan take don ya yi gudu. Ga mai lafiya, insulin yana ƙaruwa ya kwashe ragowar, komai ya koma daidai. Ga mai ciwon suga kuwa, insulin ɗin ko dai babu shi, ko bai isa ba, ko jiki ba ya sauraronsa, sai sugan ya tsaya a jini. Kuma damuwar zamani ba irin ta kare ba ce da ake gudu minti biyu a huta. Bashi ba ya ƙarewa da gudu. Mutum na zaune a kan tabarma, bai motsa ba, bai ci komai ba, jikinsa na ta zuba mai.

Duk wanda ke shakka, ya dubi abin da ke faruwa da masu shan dexamethasone ko prednisolone, ƙwayoyin da wasu ke saye a kemis don ciwon gaɓoɓi, wasu kuma don neman ƙiba. Waɗannan magunguna kwaikwayon kotisol ne, kuma likitoci sun san suna tayar da suga sosai. Abin da ƙwaya ke yi daga waje, shi damuwa mai tsawo ke yi daga ciki, ko da ƙarfin ya bambanta.

Ba kowa ne jikinsa ke amsawa iri ɗaya ba. Ga masu nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a tsakanin manya, damuwa yawanci sama take kai lamba. Ga masu nau'i na ɗaya, wanda ke kama yara da matasa, tana iya hawa ga wani, ta sauka ga wani. Sannan akwai hanya ta biyu da ta fi ta sinadarai sauƙin gani: mai damuwa yana manta magani, yana tsallake abinci ko ya ci fiye da kima, barci na ƙaurace masa, tafiyar da ya saba yi zuwa masallaci ko kasuwa ta ragu.

Ba sabon zance ba ne

Tun a ƙarni na 17 wani likita a Ingila mai suna Thomas Willis ya lissafa doguwar baƙin ciki cikin abubuwan da yake ganin suna da hannu a ciwon suga. Binciken zamani ya zo ya saka wa zancen lambobi. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe na Japan a watan Janairun 1995, likitoci sun ga gwajin HbA1c na masu ciwon suga a birnin ya hau, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda gidajensu suka rushe ko suka rasa 'yan uwa. HbA1c gwaji ne da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, saboda haka ba firgicin rana ɗaya yake nunawa ba.

A shekarar 2002 masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka, ƙarƙashin Richard Surwit, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 108 masu nau'i na biyu. Duka an koya musu yadda ake kula da ciwon, amma wani kaso an ƙara musu da darussan kwantar da hankali. Bayan shekara guda, HbA1c na wannan kason ya yi ƙasa da kusan 0.5. A ido kaɗan ne, amma ga ciwon da ake son lambar yawancin manya ta tsaya ƙasa da 7, rabin maki ba abin wasa ba ne.

Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta ware shekarun 2024 zuwa 2026 don batun walwalar masu ciwon a bikin ranar 14 ga Nuwamba. A binciken jin ra'ayi da ta fitar a 2024, kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce ciwon ya taɓa jefa su cikin fargaba, ko ciwon damuwa, ko makamancin haka. Ke nan hanyar biyu ce: damuwa na tayar da suga, suga na haifar da damuwa. A ƙididdigar ƙungiyar ta 2021, manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya.

Damuwar cikin ganuwa

Zariya ba ta yi girgizar ƙasa ba, amma ta ga nata. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli suka sace ɗalibai da malamai. Wata guda bayan haka suka afka wa cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye. A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu. A gari irin wannan da kowa ɗan uwan kowa ne, labari ɗaya yana hana anguwa goma barci.

Waɗannan su ne manya. Ƙananan da ke cin mutum a hankali sun fi yawa. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar, faɗuwar darajar naira bayan haka, duk sun sauka a kan kuɗin magani. A cikin shekarar kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, Sanofi mai yin insulin ɗin Lantus shi ma ya ce zai koma sayarwa ta hannun dillalai. Mai ciwon suga ba ya hutun magani. Kullum yana lissafi: tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini ya kusa ƙarewa, allura ta kusa ƙarewa, ga wuta ba ta tsaya ba balle firij ya riƙe sanyi a zafin Maris da Afrilu.

Ko zuwa asibiti kansa aiki ne. Wanda zai je Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan yana kusa. Wanda aka tura asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kuwa, sai ya fita ta Ƙofar Doka, ya bi Tudun Wada, ya wuce Kwangila da Samaru, sau da yawa da asuba kuma ba tare da karyawa ba saboda gwaji. Ya biya kuɗin mota, ya bi layi, yana tsoron abin da likita zai ce. Lambar da aka auna a irin wannan safiya tana ɗauke da tafiyar gaba ɗaya.

A kan duk wannan akwai tarbiyyar kawaici. Dattijon Bazazzagi ba zai zauna ya gaya wa ɗansa cewa tunani ya hana shi barci ba. An raine shi a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Uwa za ta haɗiye abin da ke tsakaninta da kishiya ko suruka ta ce lafiya lau. Halin yana da kyawunsa, ya riƙe gidaje da yawa. Amma abin da baki ya ɓoye, jini yana faɗa.

Wayar da ke taimako ita ke ƙara wuta

Ya kamata masu sha'awar fasaha su amince da wani abu mara daɗi: wayar da ake amfani da ita don kula da mara lafiya, ita ce babbar hanyar da damuwa ke shigowa gida. Bidiyon gawarwaki da ake turawa a rukunin WhatsApp na dangi ba tare da gargaɗi ba. Saƙon murya na minti bakwai da ke cewa an tare hanyar Kaduna, alhali tsohon labari ne. Masu tallar magani a TikTok da Facebook da ke rantsuwa cewa suna warkar da suga cikin sati biyu, suna kuma tsoratar da mutane cewa insulin na kashe ƙoda. Dattijuwar da aka saya wa waya don ta riƙa ganin jikoki, ita ce ke kwana tana sauraron waɗannan.

Sai batun barci, wanda ya fi shafar matasan kansu. Akwai masu ciwon suga a cikin ɗaliban jami'a da na sakandare, kuma su ne masu sayen datar dare. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa 4 na dare shida a jere, sai jikinsu ya ragu sosai wajen kwashe suga daga jini, kotisol ɗinsu na yamma kuma ya hau. Idan haka ta faru da lafiyayye, mai ciwon da ke kan waya har ƙarfe uku, ga fargabar jarrabawa, bai kamata ya yi mamakin lambar safe ba.

Amma mafi ciwo shi ne yadda na'urar gwaji ke mayar da ɗa ɗan sanda. Lamba ta fito sama, tambayar farko ita ce: "Baba, me kuka ci?" A tura hoton a rukunin gida, yaya ya kira daga Abuja yana faɗa, a kira matar gida a tuhume ta kan girki. Mutumin da ya ciyar da gidan shekara arba'in ya koma wanda ake bincika wa kwano. Gobe idan aka ɗauko na'urar, gabansa faɗuwa zai yi tun kafin a huda. Wasu daga nan suke fara ƙin gwaji, wasu su koma yin ƙarya. Likitocin wannan fanni sun daɗe da sanin irin wannan gajiya da ƙuncin da kula da ciwon ke jawowa, har suna da tambayoyi na musamman da suke auna ta da su.

Agogon da ke cewa yana auna suga

Kasuwa ta hango wannan tsoro. A shagunan waya da kuma intanet ana tallar agoguna da zobba masu arha da ke cewa suna auna suga ba tare da huda fata ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori ba, kuma dogaro da su na iya sa mutum ya sha maganin da ya wuce kima har sugansa ya faɗi ƙasa. Wanda ya saya wa mahaifiyarsa irin wannan agogon don ya hutar da ita daga allura, hatsari ya saya mata.

Akwai na gaskiya. FreeStyle Libre na kamfanin Abbott ɗan faifai ne da ake mannawa a dantse, da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, yana aiki kwana 14 yana tura lambobi waya. Dexcom ma na yin irinsa. Waɗannan suna zana layin suga na dare da rana, kuma a kansu ne mutum zai iya ganin yadda layi ke tashi bayan tashin hankali ba tare da an ci komai ba. Suna da tsada, suna kuma ɗan makara da 'yan mintoci saboda ruwan ƙarƙashin fata suke aunawa. Ga yawancin gidajen cikin gari, ƙaramar na'urar huda yatsa ita ce abin dogaro.

Agogunan Samsung, Garmin da Fitbit suna nuna abin da suke kira makin damuwa. Suna lissafa shi ne galibi daga bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya. Hasashe ne mai ɗan amfani, amma zazzaɓi, shayi mai ƙarfi ko hawan bene duk na iya motsa shi. Agogo ba ya bambanta fargabar bashi da murnar haihuwa. Labarin zuciya har yanzu fuska ake tambaya.

Layin da babu a littafin

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa saƙon kuskure shi kaɗai ba ya gyara komai. Sai an san abin da manhajar ke yi a lokacin da ta tsaya, wane maɓalli aka danna, akwai intanet ko babu. Haka lambar suga take. Abin da ake buƙata ƙarin layi ɗaya ne kusa da ita.

Hanyar ba ta buƙatar sabuwar na'ura. Kafin a huda yatsa, a tambayi mai ciwon yadda ransa yake, daga 1 zuwa 10, ɗaya hankali kwance, goma tashin hankali. Dole tambayar ta zo kafin gwaji, domin lambar kanta na iya ɓata rai. Ga dattijon da lissafin zai yi wa nauyi, amsa uku sun isa: lafiya lau, da sauƙi, ko babu daɗi. A rubuta lokaci, lambar suga, an ci abinci ko ba a ci ba, barcin awa nawa aka yi, sannan kalma biyu kan abin da ya faru. Ana iya yi a Google Keep, ko a Google Sheets, ko a saƙon da mutum ke tura wa kansa a WhatsApp, ko a littafin makaranta na naira kaɗan. Manhajoji irin su mySugr suna ba da damar manna alama a kan kowace lamba. Wanda rubutun boko ke ba shi wahala ya yi saƙon murya, ko ya rubuta da ajami a ɗauki hoto.

Bayan sati biyu ko uku tsari zai fara bayyana. Wani za a ga lambarsa na bin ransa kamar inuwa. Wani za a ga babu alaƙa, tuwon dare ne da gaske. Dukansu ilimi ne, kuma shi ne abin da ya kamata a ajiye a gaban likita maimakon hotuna arba'in a warwatse. A kula da ma'auni: wasu na'urori na nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma ana ninka na biyun sau 18 a samu na farkon. Wato 7 a wannan na'urar ita ce 126 a waccan. Ga yawancin manya ana son kafin abinci a tsaya tsakanin 80 da 130, bayan abinci da awa biyu kuma ƙasa da 180, amma likita ne ke yanke wa kowa nasa.

Akwai wurin da na'urar ke ceton rai kai tsaye. Rawar jiki, gumi, bugun zuciya da saurin fushi alamun fargaba ne, kuma su ne alamun faɗuwar suga, domin adirenalin ne ke jawo su a duka biyun. Mai shan insulin ko glibenclamide da damuwa ta hana shi cin abinci yana iya faɗa wa wannan, a ɗauka ɓacin rai ne. A gwada. Idan lamba ta yi ƙasa da 70, a ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya fita hayyacinsa, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa.

Masu ja da wannan magana

Za a samu mai cewa wannan ƙofa ce ta uzuri: kowa ya sha lemo ya ce damuwa ce. Tsoron yana da tushe. Damuwa ba ta soke abinci ba, ba ta soke magani ba, kuma babu numfashin da zai maye gurbin insulin. Zazzaɓin sauro, ciwon mafitsara ko gyambo a ƙafa duk suna tayar da suga, kuma wanda ya ɗora komai a kan tunani zai iya barin cuta ta yi nisa. Lamba ta daɗe sama da 250, ga amai, ga ƙishirwa mai tsanani, ga ruɗewa, wannan ba lokacin lallashi ba ne. Sai dai rubutun da aka bayyana a sama shi ke toshe uzurin, domin abinci da barci da magani duk suna cikinsa. Gaskiya ta fi fitowa idan layukan sun cika.

Wani kuma zai ce damuwar talaka ba ta manhaja ba ce, ta aljihu ce. Wannan ma gaskiya ne. Babu wayar da za ta rage kuɗin allura ko ta tsare hanya. Wannan aikin gwamnati ne, kuma ya kamata a ci gaba da neman sa. Amma tsakanin yau da ranar da za a gyara, akwai abin da ke hannun gida: a daina faɗa a kan lamba, a cire tsofaffi daga rukunin da ke yaɗa tashin hankali, a kashe saukar bidiyo ta kai tsaye, a sa waya ta yi shiru bayan Isha'i, a raka Baba tafiyar minti ashirin bayan La'asar. Tafiya tana sa tsoka ta zuƙi suga, tana kuma buɗe bakin da zaman ɗaki ba ya buɗewa.

Akwai kuma mai ganin cewa yin maganar damuwa rauni ne ko ƙarancin tawakkali. Kotisol ba ya duba girman mutum kafin ya fita. Idan baƙin ciki ya wuce sati biyu, barci ya gagara, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba, to wannan ciwo ne mai magani, kuma ya fi yawa da kusan ninki biyu a tsakanin masu ciwon suga. Ya kamata likitan da ke duba sugan ya ji shi.

Ga masu rubuta manhaja

Zariya gari ne na ɗalibai, kuma a cikinsu akwai masu neman abin da za su ƙera. Ga aiki a ƙofar gida. Manhajar da ake buƙata ƙarama ce, wadda za ta yi aiki ba intanet a kan waya mai ƙaramin rumbu, ta yi magana da Hausa, ta karɓi murya, ta tambayi yanayin rai kafin ta karɓi lamba. Ta san tuwo, fura, ƙosai da waina. Ta san watan azumi. Ta daina fesa jan launi da ƙarar gargaɗi a kan kowace lambar da ta ɗan haura, ta ajiye ƙararrawa don hatsari na gaske. A ƙarshen wata ta fitar da shafi ɗaya da likita mai layin mutane a ƙofa zai karanta cikin minti ɗaya.

Sannan ta riƙe sirri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Abin da uwa ta faɗa game da ranta ya fi lambar suga nauyi, bai kamata ya bar wayar ba sai da izininta. Wannan ƙa'idar ta shafi 'ya'ya kamar yadda ta shafi kamfanoni: hoton gwajin mahaifi ba kayan rukunin dangi ba ne.

Na'urar gwaji ta yi aikinta cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta ba da lamba ta mutu. Sauran aikin na wanda ke riƙe da ita ne. Zai iya tambayar me aka ci, wanda kowa ya iya. Zai kuma iya zama, ya ajiye wayar, ya ce: "Baba, kun samu barci jiya kuwa?" Amsar wannan tambayar ce manhaja ba ta da wurin ajiyewa, kuma sau da yawa ita ce ke bayyana lambar.